Tsakanin Warƙa da Garka

"Ku fara rantse min maganar ga ba ta wuce tabarmar ga."

Alaramma ne ya faɗi haka, kofin shayi na farko yana hannunsa bai kai shi baki ba. Mu biyar ne a fadarmu ta bayan lisha, gindin bedin ƙofar gidana a Buza: ni mai fifita gawayi, da Mushe da ya tsufa yana koyarwa a lakwal, da Alhaji mai lodin albasa zuwa Abijan da Kumasi, da Direba, sai shi Alaramma. Daga baya ya yarje min in rubuta, bisa sharaɗin kada in kama sunan kowa.

Direba taubashinsa ne, ba ya raga masa ko a makabarta. Ya ce, "In aure za ka ƙara faɗi da wuri, mu san ta inda za mu ɓullo wa uwargida."

"Allah shi shirye ka. Kun tuna Alƙur'anin da na kai Tamaske bara, wanda kowa ke yabon zayyanarsa?"

Muka ce mun tuna. Mu ne ma muka fara ganinsa kafin a sa shi a gafaka.

"To, zayyanar ba hannuna ba ne."

Wanda bai san Alaramma ba zai ɗauka alƙalami ne abincinsa. Manomi ne kamar kowa a nan, yana da gonar hatsi a kan fako mai duwatsu da ƴar garkar albasa a fadama. Rubutun Alƙur'ani da ka ya koyo shi ne yana gardi, a tsangayun gabas, ya dawo da shi gida ya kasa bari. Tun da bugun inji ya cika kasuwa, har da rubutun hannun Sharu Bala na Kano da aka ɗauka aka yi ta bugawa, ba mai riƙe iyali da wannan aiki a ƙauyukanmu. Sha'awa ce da neman lada, sai ɗan goron da mai so ya bayar.

Aikin kuwa ba na gaggawa ba ne. Izu 60 a riwayar Warshu, warƙa bayan warƙa, ba ɗinki ba liƙi. Baƙaƙe da yambari, tawadar da ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. In an gama sai a koma farko a bi wasula da ja, a sake komawa a ɗiga wa hamza rawayar zarnihi, a ɗiga wa alifin wasali kore. Kowace aya da kanta, kowace biyar da kumsa, kowace goma da kuri. A gefen shafi ga alamar sumuni da rubu'i da nusufi da izu, ga ta wuraren sujada 11, kuma gwani ba ya so alama biyu su yi kama. Sannan manyan zayyanoni masu cika shafi: a farkon littafi, da gaban A'arafi, da gaban Maryam, da gaban Sad, inda Alƙur'ani ya kasu huɗu. A nan ne ake gane hannu, kuma a nan ne muka yi ta sa wa Alaramma albarka bara.

Mushe ya ajiye kofi. "Alaramma, saye ka yi?"

"Da saye na yi da sauƙi. Ku dai bari in ɗauko muku daga tushe."

Ya ce zamanin mahaifinsa shekara a rabe take, ba mai shiga gonar wani. Ruwa ya sauka wajen watan Yuni a yi shuka, a yi noman fari, a yi maimai, a kai Oktoba a ɗaure damma a zuba a rumbu. Daga nan tsoho ya wanke hannu, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya fiƙe alƙaluman gamba, ba abin da zai tashe shi sai salla har gajimare ya sake haɗuwa. "Mu kuwa ina ranin yake? Hatsi bai gama shiga rumbu ba an yayyafa irin albasa. Nuwamba da Disamba dashe. Daga nan ban ruwa, safe da marece, ga cire haki, ga taki, ga injin da ke mutuwa ranar da ka fi bukatarsa. Ka cire a Maris ko Afrilu, ka gina rudu ka jera, ka yi ta dubawa kana fidda ruɓaɓɓa. Kafin ka miƙe baya anka ce an ga hadari gabas."

Alhaji bai ji daɗin wannan ba, don albasa a wurinsa ba a zaginta. "Allah gafarta Malam, albasar ga da kake ƙorafi, ita ta hana ka tahiya bida. Ƙidaya min gidajen unguwarku da maza ke kwana cikinsu da rani. Rabi suna Abijan, rabi suna Libiya. Ƴar Galmi ta riƙe kwarin Tarka da na Majiya, ta riƙe ni, ta riƙe ka."

"Ban musa ba, Alhaji. Amma taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa na cusa su baki ɗaya."

Ya miƙo mana tafin hannunsa kusa da hasken gawayi. Kanta ce jere a gindin yatsu. Ya ce ranar da ya wuni da hauya ko yana jan tiyo, in ya kama alƙalami da dare sai alif ya fito yana rawa. Sai ya jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ya shafa man gyaɗa, ya jira. In hannu ya kwanta kuma ido ya tashi, don fitilar sola tana fara dushewa daidai lokacin da gida ya yi shiru. Da damina takarda tana shan laima, tawada ta yi ta naso, gara na neman hanya ta ƙarƙashin akwati. Da hunturu tawada na bushewa a bakin alƙalami tun ba ta taɓa takarda ba, ƙura kuma ta bi danyen rubutu ta manne. Ga akuya. Akuyar uwargida ta taɓa cinye masa warƙa biyu daga Suratul Kahfi, ya bi ta da takalmi har ƙofar maƙwabta.

Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Akuyar ga ta fi ni karatu yanzu."

"Ta fi ka tun kafin ta ci."

Ina zuba na biyu ne ya kawo maganar da na ga ita ce ke cinsa. Ya ce shekarun baya duk bai taɓa tambayar kansa daga ina lokacin rubutun ke fitowa ba. Ya ɗauka daga barcinsa yake yankowa. Sai wani dare, ana tsakiyar dashe, ya aika a faɗa wa uwargida ta sa yara su rage surutu, kuma a dako masa bagaruwa da safe. Ba ta aiko da amsa ba, ta taso da kanta ta tsaya bakin zaure.

"Tac ce min, Malam, tambaya gare ni. Ladar wanga aiki, kai ɗai za ka ci ko da mu? Na ce wace irin magana ce wagga? Tac ce, ruwan da kake jiƙa tawada ni na ɗauko shi. Bagaruwa ni ke daka ta. Ranar da ka bar garka tun la'asar don ka ƙare sumuni, ɗiyanka ne sunka ƙarasa ban ruwa har duhu, ba su ko je makarantar dare ba. Gamanata ni kaɗai na nome ta, wake da kuɓewar da ke cikin miyarka daga can sunka fito. Tabarmar da kake zaune bisa, da wadda na sayar ranar kasuwa na sai maka ƙaro, da yatsuna na saƙa su. In lada ce a yi rabo, in kuɗɗi ne ma a yi rabo."

Ba wanda ya yi dariya. Kowannenmu yana da irin wannan bashin a gida, ko da ba na tawada ba ne. Ni dai na san wanda ke sayen gawayin da nake ƙonawa a fada, na kuma san wadda ke wanke kofunan da safe.

Mushe ya tambaya, "Mi ka ce mata?"

"Na ce ta je ta kwanta. Me zan ce? Amma ban ƙara rubuta ko harafi ba daren nan."

Sai kuma maganar guguwa. Wata rana da bazara ya baza warƙoƙi a tabarma suna shan iska, ya danne da ƴan duwatsu, aka kira shi garka wai inji ya ƙi tashi. Yana can guguwa ta ratso gidan ta ɗauke kusan izu uku, ta watsa su a turken awaki, a kan danga, a bisan rumbu. Ya dawo a guje yana salati, ya tarar an tattara, an kaɗe ƙura, an jera. Ya duba ya ga ba warƙa ɗaya da ta shiga gaban ƴar'uwarta.

Ga wanda bai saba ba, waɗannan warƙoƙi ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke saukewa a ƙasan bayan kowace warƙa, wadda ita ce za ta buɗe ta gaba. Mai jerawa sai ya iya karatu, ya kuma san hannun marubucin.

"Na ce wa ya yi wanga aiki? Anka ce ɗiyata ta biyu. Yarinyar da ban taɓa zaunar da ita na ce ga yadda ake yi ba. Ashe duk shekarun da take kawo min ruwa zaure tana tsayawa bayana."

Daga nan ya fara sa mata ido. Ya ga tana kifa kofin shayi a kan tsohon kwalin sukari ta zagaye bakinsa, ta sa ƴar dala ashirin a tsakiya ta sake zagayewa, ta raba da tsinke gida takwas, ta cike da ragowar ja da rawaya da ya bari a kasko. Ya ba ta kawunan aya ta gwada. Sai kuri. Sai alamar izu. Da aikin Tamaske ya matso, ga cirar albasa ta zo, ga mai shi yana aike, sai ya tura mata shafin gaban Maryam ya tafi garka. Da ya dawo ya gani, ya ɗauko nasa na gaban A'arafi da ya riga ya gama, ya ajiye su gefe da gefe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe nasa ya sa a akwati, ya ce ta sake wannan ma.

Direba ya tafa hannu. "Wato mu munka zauna nan muna cewa hannun Alaramma sai ƙara kyau yake da tsufa!"

"Kai ne ma ka fi kowa zaƙewa."

Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ba walwala. Ya ce shi abin da yake tsoro bakin mutane. In aka ji mace ce ta yi, wani zai ce ya tsarki, wani zai ce an yaudare shi, wani ya mayar da littafi. Alaramma ya ce maganar tsarki ba ta dame shi ba, yarinya ta san hukunci fiye da gardawa da yawa, kuma shafin zayyana ba aya a cikinsa, a ware ake yinsa a saka daga baya.

Nan Mushe ya karɓe, kuma in Mushe ya karɓe sai a ƙara gawayi. Ya ce shi bakin mutanen Adar bai ba shi tsoro a kan wannan, don sun san abin da idonsu ya gani. Da aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya, su wa suka ɗauki duwatsun da aka jera a kan tuddai, suka haƙa ramukan dashe, ana biyansu da abinci? Mata ne mafi yawa, maza suna bida.  "Mun yarda mace ta ɗauki dutse a ka, alƙalamin gamba ne zai yi mata nauyi? Kuma in ana maganar malanta, Shehu Usmanu a Maratta anka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, ba wata ƙasa ba. Ya yi faɗa da malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, har ta rasu a 1864. Wa ya mayar mata da littafi?"

Alhaji ya ce, "Mushe, Nana Asma'u ba ta da maƙwabta irin namu."

A ganina Alhaji bai yi ƙarya ba, Mushe ma haka, amma duk sun bar inda ciwon yake. Mutumin Tamaske bai tambayi wa ya zana ba, littafi mai kyau ya nema ya samu. Waɗanda ke da hakki suna cikin gidan Alaramma. Na faɗa masa haka, na kuma tambaye shi goron da aka ba shi ina ya shiga.

Ya sunkuyar da kai. "Taki da man inji."

"Duka?"

"Duka. Ai gida anka yi wa."

"Gida anka yi wa," in ji Direba, yana kwaikwayon muryarsa. "In na ɗauki kuɗɗin lodi na ce mota anka yi wa, yaron mota ya ci iska ke nan?"

Alaramma ya ce uwargida ba ta jira fatawar Direba ba. Da aka sayar da albasar rudu da damina, lokacin da ta yi tsada, ta sa hannu ta ware kuɗin tunkiya biyu, ɗaya tata ɗaya ta yarinya, ta ce na tawada ne. Sannan ta kafa masa doka uku, kuma har yau a kansu ake. Daga dashe zuwa cira ba ya taɓa yambari sai Alhamis da Juma'a, ranakun da allo ke hutawa. Ba a tsame yaro daga makarantar dare don ya ƙarasa aikin da uba ya bari. In yarinya ta zauna zayyana, ranar ba ta zuwa rijiya, kuma ba uwar ce za ta je a madadinta ba, shi zai biya mai kura.

Mushe ya ce, "Wagga mata da ta shiga lakwal da yanzu ita ke riƙe da Tawa."

"Rubutun ya ragu," in ji Alaramma. "Abin da nake gamawa a shekara yanzu sai ya kai biyu. Amma ba na goge kuskure kamar da, don ba na rubutu da gajiya. Gwanayen da ke duba min sun ce wanga na ƙarshe ya fi tsabta."

Da aka zo na uku ya tashi ya shiga gida, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, ya dawo da gafakar kakansa, fatarta ta yi baƙi don tsufa. Ya zaro warƙa ɗaya ya ce in haska tocila ta bayanta. A cikin jikin takardar sai ga jinjirin wata uku a jere. Mushe ya ce irin wannan daga arewacin Italiya ake yin ta, a masana'antu irin na gidan Galvani, ta biyo ta Tarabulus da Masar a bayan raƙuma a ƙarni na 19, ta sauka Kano da Sakkwato da Agadas. Alhaji ya murza gefenta da yatsa ya ce ta fi ta yanzu ƙwari nesa. Ta yanzu daga kasuwar Kurmi ake kawo wa Alaramma, kuma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai da ya yi watanni yana rubutu a tsanake yana ƙirga abin da ya rage, har aka buɗe a Maris na 2024.

Direba ya karɓi warƙar ya juya ta. "Alaramma, wa ya sani ko wannan ma kakarmu ce ta yi wa tsoho zayyana?"

"Kai, ajiye min kaya."

Ya mayar da ita wurinta, ya ɗaure gafaka, sannan ya faɗi abin da ya sa ya tara mu tun farko. An zo neman auren yarinyar. Mutanen kirki ne daga wajen Sabon Gida, can ƙasar Madawa, gidan albasa gaba da baya, garkarsu ta ninka tasa sau da yawa. Ya san abin da ke jiran amarya a irin wannan gida: girkin ƴan ƙwadago lokacin dashe, yankan ganye lokacin cira, ga surukai, ga goyo in Allah ya kawo. Ba wanda zai ce mata zauna ki zana da'ira.

"In na yi shiru hannun ga ya mutu. In na yi magana a ce na sa sharaɗi ga aure, ko a ce don kaina nake yi, tun da ni ke cin moriya."

Alhaji ya ce ya san uban yaron, sun sha haɗuwa wurin awon buhu. Mutum ne mai son a ce gidansa gidan karatu ne. In aka nuna masa shafin aka ce surukarsa ce ta yi, zai fi kowa yayatawa, sai dai a roƙe shi ya rage. Mushe ya ce kada a fara ta kan uba, a fara ta kan uwar miji, ita ke raba aikin gida, kuma wannan zance ne na uwargida ba na maza ba. Ni na ce kafin duk wannan a tambayi yarinyar, don tun da aka fara hirar ba wanda ya ce ga abin da ita take so.

Alaramma ya dube ni. "Ban tambaye ta ba."

"To tambaye ta."

"Da wane baki? Ɗiyar fari ce ta uwarta ko ta biyu, duk ɗaya, kunya gare mu."

"Aika gwaggonta," in ji Direba. "Ko ni in je."

"Kai kam ko ƙofar gida kada ka tsaya."

Aka tsaya a kan gwaggo. Alhaji ya ce motarsa za ta bi ta Kano mako mai zuwa, zai sa a sayo takarda mai kauri da jan garin tawada, a sa cikin kayan ɗaki tare da tasoshi, in ya so mutanen Sabon Gida su tambaya da kansu na mene ne. Alaramma ya ce zai biya. Alhaji ya ce ba shi ya saya wa ba, balle ya biya.

"To mutumin Tamaske fa?" in ji Mushe. "Za ka faɗa mishi?"

"Ya aiko yana son na biyu, na ƙanensa. Ya ce lalle a yi mishi zayyana irin waccan."

Direba ya miƙe yana kaɗe riga. "Sai ka ce mishi mai zayyana ta yi tsada. Tunkiya ba ta isa yanzu, sai da ɗan maraƙi."